Annurin Iska da Raƙuman Sama a Bisa Karkarar Arewacin Kano



Duk manomin da ya taɓa kwana a gona lokacin kaka yana gadin dammunan gero, a ƙasar Dambatta ko Makoɗa ko Kunci ko Tsanyawa, a daren da babu wata kuma babu ko fitila ɗaya kusa da shi, ya san wani abu wanda bai cika tsayawa neman dalilinsa ba, wato idan ya ɗaga kai yana iya rarrabe rassan gawo da na ɗorawa daga samaniyar da ke bayansu, domin itacen ya fi samaniyar baƙi. In an tambaye shi daga ina wannan ɗan haske yake zuwa zai ce daga taurari, kuma amsa ce ta mai hankali, sai dai ba ta cika ba. Tun a shekarar 1901 masanin falaki Simon Newcomb na Amurka ya auna hasken sararin dare, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka tabbatar cewa ko an tattara hasken taurari duka, na bayyane da na ɓoye, ba zai kai miƙdarin abin da ake gani ba. Babban rabo na ragowar daga iskar duniyarmu yake fitowa, domin tana ba da annuri da kanta, dare da rana, a tsakanin kilomita 80 da 300 bisa kawunanmu.

Maƙasudina shi ne in nuna cewa a cikin wannan annuri ana iya ganin sawun abubuwa biyu, hadarin daminarmu wanda yake aika motsinsa daga ƙasa, da rikicin ayonosfiya, wato shimfiɗar iskar da rana ta cika da lantarki, wanda yake aukuwa can sama, kuma cewa karkarar arewacin Kano, saboda mazauninta da yanayin ruwanta, tana cikin wuraren da suka fi dacewa a Afirka ta Yamma a zauna a lura da su biyun tare.

Abin da magabata suka rigaya suka bambance

Malaman fiƙihu sun daɗe suna duban samaniyar dare da idon tahƙiƙi, domin lokutan salla biyu sun rataya a kanta. Sun bambance jan shafaƙi da farinsa, Malikawa suka ɗauki ɓacewar jan a matsayin shigar lokacin isha'i. Sun kuma bambance alfijir na gaskiya, wanda yake shimfiɗuwa a gefen gabas, da alfijir na ƙarya, wanda yake miƙewa tsaye sannan ya dushe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake shi ne annurin da muke magana a kai. Shafaƙi hasken rana ne wanda iska take watsawa bayan ranar ta faɗi, alfijir na ƙarya kuwa hasken rana ne da yake faɗa wa ƙurar da ke tsakanin duniyoyi, kuma a ƙasashenmu na kusa da ikwaita yana fitowa sarai fiye da yadda mutanen Turai suke samunsa. Amma wanda bai iya cire waɗannan biyu daga lissafinsa ba, ba zai iya auna na ukun ba.

A ƙarni na 11 na Miladiyya wani alƙali na garin Jayyan a Andalus, Ibn Mu'az, ya rubuta risala a kan alfijir da shafaƙi, inda ya ɗauka cewa alfijir yana ketowa ne sa'ad da rana take daraja 19 a ƙarƙashin gefen sama, ya bi hanyar handasa ya fitar da cewa iskar da ke iya mayar da haske tana kaiwa kimanin mil 52, wato fiye da kilomita 80. An juya risalar zuwa Latin, aka daɗe ana jingina ta ga Ibn al-Haisam, har sai da A. I. Sabra ya mayar da ita ga mai ita a 1967. Ba na cikin masu cewa Ibn Mu'az ya gano annurin iska, domin hujjarsa dabam ce, kuma kusancin adadinsa da namu akwai dace a ciki. Abin da ya cancanci yabo shi ne ya gane cewa ana iya auna tsawon abin da hannu ba ya kaiwa ta hanyar hasken da ya bi ta cikinsa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da fannin yake tsaye a kanta har yau.

Asalin annurin

A 1868 Anders Ångström na Suwidin ya rarrabe launukan hasken nan mai rawa da ake gani a samaniyar ƙasashen ƙanƙara, ya sami wani koren layi wanda bai dace da kowane sinadari da aka sani ba. Daga baya aka lura cewa layin yana nan a kowane dare kuma a kowace ƙasa, ko da babu wancan haske mai rawa, Lord Rayleigh na Ingila ya shafe shekarun 1920 yana auna shi, har aka sa sunansa ga mizanin da ake auna ƙarfin annurin da shi. A 1925 McLennan da Shrum a Kanada suka tabbatar cewa koren, mai tsawon zango nanomita 557.7, daga ƙwayar zarrar oksijin yake fitowa, a 1931 kuma Sydney Chapman ya kawo bayanin da jamhurun masana suka karɓa, ko da yake an yi masa gyara daga baya.

Bayanin kuwa shi ne: oksijin da muke shaƙa ƙwayoyi biyu ne a haɗe, amma can sama, inda babu abin da ya tare zafafan haskokin rana waɗanda ido ba ya gani, rana tana raba su da yini, kowace ƙwaya ta riƙe ƙarfin da aka raba ta da shi, saboda iskar wurin ta yi ƙaranci ƙwarai, ƙwayoyin ba sa saurin gamuwa, sai su yi ta komawa ga juna sannu a hankali har tsawon dare, kuma a cikin wannan komawa ne ake sakin ƙarfin da aka ajiye ya fita a matsayin haske. Koren yana zaune a wajen kilomita 96. A ƙasa da shi kaɗan, wajen kilomita 92, akwai rawayan haske na sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri da kanwa, wanda duwatsun sama masu ƙonewa idan sun shigo iska suke barinsa a can. A wajen kilomita 87 kuma akwai wanda ya fi su duka ƙarfi, wanda Aden Meinel ya gano a 1950, Bates da Nicolet suka bayyana cewa daga gamuwar haidirojin da ozon yake. Mafi yawansa yana bayan ja ne a jerin launuka, inda idon ɗan'adam ya gaza, don haka sai na'ura. Can ƙololuwa, tsakanin kilomita 200 da 300, akwai jan haske mai nanomita 630, shi ma na oksijin, kuma dalilin da ya sa ba ya samuwa a ƙasa abin sha'awa ne: ƙwayar da za ta ba da kore ba ta kai daƙiƙa ɗaya tana jira ba, amma mai ba da ja sai ta jira kusan daƙiƙa 110, in kuwa wata ƙwaya ta buge ta kafin nan ƙarfin ya salwanta ba tare da haske ba, saboda haka sai inda iska ta yi sirantar da karo ya zama abu mai wuya.

Ido ba ya ganin launin waɗannan duka saboda rauninsu, toka-toka kawai yake gani. Sun fi bayyana a ɗan sama da gefen samaniya, wajen daraja 10 zuwa 15, domin a nan kallo yana ratsa shimfiɗar a karkace ya bi ta cikin kauri mai yawa, kamar yadda van Rhijn ya bayyana a 1921.

Yadda hadari yake taɓa abin da ke nesa da shi

Da annurin nan shimfiɗa ce lafiyayya mai kama ɗaya, da bahasinmu ya ƙare a nan. Amma tun da Peterson da Kieffaber suka ɗauki hotunansa a 1973 aka ga yana da layuka, mai haske da mai duhu bi da bi, kamar kunyoyin gonar da aka yi wa huɗa, suna tafiya gaba ɗaya zuwa wata nahiya. Tazarar da ke tsakanin kunya da kunya takan kama daga kilomita 10 zuwa 100, kuma sukan wuce bisa kan mai kallo ɗaya bayan ɗaya a cikin mintoci 5 zuwa sa'a guda.

Sababinsu shi ne abin da Colin Hines na Kanada ya shimfiɗa hisabinsa a 1960. Iska tana zaune ne hawa-hawa, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Idan wani abu ya tunkuɗa wani yanki nata sama, sai ya sami kansa ya fi maƙwabtansa nauyi ya faɗo, ya zarce mazauninsa, a can kuma ya fi na kewaye da shi sauƙi ya sake tasowa, kuma wannan kai-da-kawowa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana yaɗuwa gefe da sama a matsayin raƙumi. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne girman da raƙumin yake yi yayin hawansa. Kaurin iska yana raguwa da rabi a kowane kilomita 5 zuwa 6, ƙarfin da raƙumin ya ɗauko kuwa yana nan, don haka dole motsin ya faɗaɗa. Wanda ya tashi daga kan gajimare a kilomita 15 yana ɗan girgiza da ba a kula da ita ba, kafin ya kai kilomita 87 yana iya ninkuwa fiye da sau 100. A can yana matse iskar yana sake ta, yana ɗumama ta yana sanyaya ta, gamuwar sinadarai tana sauri a wani wuri tana jinkiri a wani, sai annurin ya fito da layuka. Daga ƙarshe raƙumin yakan karye ya zuba ƙarfinsa a cikin iskar wurin, kuma tarin wannan zubi ne yake tura iskar sama daga ƙuryar duniya mai zafi zuwa mai sanyi, har ya zamana wuri mafi sanyi a iskar duniya, ƙasa da daraja 120 a ƙarƙashin sifiri, yana bisa ƙuryar da take cikin tsakiyar lokacin zafinta.

A wasu ƙasashe duwatsu ne suke haifar da raƙuman, kamar tsaunukan Andes. A ƙasar Hausa hadari ne. Kowa a nan ya san yadda yake haɗowa daga gabas da la'asar ko da almuru, a jere, tsawonsa ɗaruruwan kilomita, yana tafiya yamma da gudun kimanin kilomita 50 a sa'a, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Da yawa daga cikin irinsa a kan tuddai suke ƙulluwa, kamar na Jos da Azbin da Darfur, kuma su ne suke kawo mafi yawan ruwan da gero da dawa da gyaɗa suke sha. Kan irin wannan gajimare yana kaiwa kilomita 16 ko 17, wani lokaci ya yi tsiri ya bugi shimfiɗar da ke bisansa, wadda take da natsuwa ƙwarai, bugun kuma ya tashi sama a matsayin zobba, ƙarami a cikin babba, waɗanda suke isa shimfiɗar annuri bayan sa'a guda ko 'yan sa'o'i. Taylor da Hapgood sun bi sawun irin waɗannan zobba har zuwa hadarin da ya haife su a 1988, taurarin ɗan'adam kuma sun gan su daga sama: Suomi NPP, wanda aka harba a 2011, da na'urar AWE da hukumar NASA ta ɗora a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Nuwamban 2023. A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa suka bayyana a mujallar Nature cewa mafiya tsananin hadarin Sahel sun ninka yawansu sau uku tun daga 1982. Ƙiyasi yana hukunta cewa abin da yake isa sama daga gare su ya canja shi ma, kuma wannan mas'ala ce da awo daga ƙasa zai yi mata amfani ƙwarai.

Ikwaitan maganaɗisu da kumfar ayonosfiya

Bayan hadari, falala ta biyu da wannan yanki yake da ita ba a ganinta da ido. Layin da allurar maganaɗisu take kwantawa daidai a kansa, ba ta sunkuya arewa ko kudu ba, bai bi ikwaitan taswira ba. A nahiyarmu ya hauro arewa ya ratsa ƙasar Hausa, kusa da Zariya da Kano. A bisa wannan layi, wajen kilomita 105, akwai wani kogin lantarki da yake gudu gabas da rana, wanda Chapman ya raɗa wa suna a 1951, kuma Cyril Onwumechili na Jami'ar Ibadan ya auna shi a faɗin Nijeriya tun ƙarshen shekarun 1950, ya zama ɗaya daga cikin manyan malamansa a duniya. Ayonosfiya, wato shimfiɗar iskar da rana ta cika da lantarki, ita ce take mayar da muryar rediyo mai gajeren zango zuwa ƙasa, da ita ne mutanen karkara suke jin Sashen Hausa na BBC tun 1957.

Bayan faɗuwar rana, a daidai lokacin da ake tsakanin magariba da isha'i, wani ƙarfin lantarki yana ɗaga wannan shimfiɗa sama, alhali ƙasanta yana saurin rasa lantarkinsa saboda rana ta janye, sai a sami mai kauri yana zaune bisa marar kauri, zaman da ba ya ɗorewa. Da zarar an sami ɗan lanƙwasa a iyakar da ke tsakaninsu, sai marar kaurin ya kutsa sama ya zama kumfa, wadda takan kai kilomita 1,000, ta miƙe arewa da kudu bisa layukan maganaɗisu, tana tafiya gabas da gudun kimanin mita 100 a daƙiƙa. Booker da Wells sun ga alamarta a Huancayo ta ƙasar Peru a 1938, Woodman da La Hoz suka fitar da surarta da na'urar rada ta Jicamarca a 1976. A cikin jan annurin nanomita 630 tana fitowa a matsayin dogayen baƙaƙen tsage, domin inda babu lantarki babu ja.

Illarta ga mutane ita ce saƙon tauraron ɗan'adam da ya ratsa ta yakan yi rawa, na'urar GPS ta yi kuskure ko ta ɓace gaba ɗaya. Kada a zuzuta abin fiye da ƙima: mai safiyo da ke auna iyakar gonar gado a Minjibir da hantsi ba shi da babbar damuwa da ita, domin abin na dare ne. Mai damuwa shi ne matuƙin jirgin da zai sauka a filin Malam Aminu Kano bayan isha'i, da duk wanda sadarwarsa ta rataya ga tauraro a waɗannan sa'o'i.

To, mene ne yake kawo lanƙwasar farko? A nan ne masana suka yi saɓani. Wasu suna ganin raƙuman da hadari ya aiko daga ƙasa, ko 'ya'yan da suka haifa bayan sun karye, su ne irin da kumfar take tsira daga gare shi, suna kafa hujja da cewa tazarar da ke tsakanin kumfa da kumfa takan yi daidai da ta raƙuman. Wasu kuma suna ganin ƙarfin ɗagawar magariba da saɓanin gudun iskoki sun wadatar. Ni dai na fi karkata ga cewa ɗagawar ita ce sharaɗi, raƙuman kuwa su ne suke zaɓar wuri da dare, amma karkata ba hujja ba ce, kuma ba za a yanke hukunci ba sai an ga raƙumin a kilomita 87 da kumfar a kilomita 250 a dare ɗaya, a samaniya ɗaya, sau da yawa.

Dalilin zaɓen arewacin Kano

A 2015 Cibiyar Binciken Sararin Iska ta hukumar NASRDA, mai mazauni a Anyigba, tare da Jami'ar Nagoya ta Japan, suka kafa kyamara mai ɗaukar samaniya duka a Abuja, kuma a 2017 Daniel Okoh da abokan aikinsa suka buga nazari na farko da aka yi da irinta a kan yawan aukuwar kumfa a Afirka ta Yamma. Aiki ne na yabo. Sai dai daminar Abuja doguwa ce, gajimarenta da yawa, wanda kuwa yake ƙarƙashin hadari ba ya ganin abin da hadarin yake yi a sama. Mai gani shi ne wanda yake nesa da shi da 'yan ɗaruruwan kilomita, samaniyarsa a buɗe. Wannan shi ne halin Dambatta da Bichi a watan Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke a nan amma ana ci gaba da tsawa a Jos da kudancin Kaduna, haka kuma a ƙarshen bazara kafin ruwa ya iso. Kuma waɗannan watanni suna kusa da lokutan da dare da rana suke daidaita, sa'ad da kumfar ta fi yawa.

Hisabin handasa yana nuna cewa kyamarar da aka kafa a Dambatta, idan ta duba har zuwa daraja 75 daga tsakiyar sama, za ta ga shimfiɗar kilomita 90 a da'ira mai nisan kusan kilomita 300 ta kowace fuska, wato samaniyar Damagaram da Maraɗi da Katsina da Zariya da Kaduna, har gab da Jos. Jan annurin kuwa za ta gan shi har nisan da ya haura kilomita 700.

Akwai cikas, kuma ba ƙanana ba ne. Hazon hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, yana rufe darare da yawa daga Disamba zuwa Fabrairu, a Agusta kuma gajimare ne. Farin wata yana kashe aikin, don haka mai lura zai riƙa bin kwanan watan Hijiriyya, ya ƙwallafa rai a kan dararen da ke tsakanin 25 ga wata da 5 ga na gaba. Hasken birnin Kano yana kudu, daidai nahiyar da aka fi so a duba, ko da yake matatar launi mai ƙunci tana rage sharrinsa. Sannan yankin nan, wanda Michael Mortimore ya yi nazarin cunkoson gonakinsa tun 1965, babu inda za ka tsaya a cikinsa ba ka hango gida ba, fitilun titi masu aiki da hasken rana kuma suna ƙaruwa a ƙauyuka. Ba wanda zai ce wa mutane su zauna cikin duhu saboda kyamara, amma ana iya roƙon dagaci da masu unguwa a sa wa fitilun da ke kusa hula, haskensu ya kalli ƙasa. Yawan jama'ar kuma yana da nasa alheri, domin na'urar da aka ajiye a dajin da ba kowa ba ta daɗewa, alhali wannan tana bukatar mai goge mata ƙura kowace yamma da mai duba batirinta.

Shawarata ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello ita ce a fara da abu mai sauƙi: a shafe shekara guda ana auna duhun samaniya da yawan dararen da suka buɗe a wurare biyu ko uku, kamar harabar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da ta Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Bichi, da wajen madatsar ruwa ta Tomas, da kyamarar hannu wadda ake barin idonta a buɗe na rabin minti. Wurin da ya yi rinjaye a kafa masa babbar kyamara mai matatar kore da ja da ta bayan ja, tare da na'urar GPS mai auna rawar saƙo. Tsakanin Dambatta da Abuja kimanin kilomita 400 ne, saboda haka da'irorin kyamarorin biyu za su haɗu a samaniyar Zariya da Kaduna, kuma duk raƙumin da ya ratsa wannan yanki za a gan shi daga fuska biyu, a fitar da tsawonsa daga ƙasa da hisabin kusurwa, maimakon a ɗauke shi daga awon da aka yi a wasu nahiyoyi.